Saura Kwana Shida A Ɗaga Labule

Wasiƙar da za mu duba a wannan mako ta fito ne daga Ingila, daga hannun wani ɗan'uwa ma'aikaci wanda aiki ya kai shi can tare da iyalinsa. Ya roƙe mu da mu sakaya sunansa da na garin da yake zaune, mun kuwa sakaya. Da yake tambayarsa ba mai jira ba ce, mun riga mun aika masa da amsa a gurguje tun ranar da ta iso, yanzu kuma mun ajiye abin da muka shirya wa wannan fili domin mu faɗaɗa ta, gama ko da yake a ƙasar Turawa abin ya auku, mun tabbata akwai ubanni da yawa cikin 'yan kasuwa da ma'aikatanmu da za su ga fuskarsu a ciki.

Ga taƙaicen abin da ya ce. Ɗansa mai shekara 10 ya shiga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garinsu, ta masu yi don sha'awa, ba don albashi ba, wadda take shirin nuna wasan nan mai waƙe-waƙe da ake kira Oliver! har dare shida a jere a babban ɗakin wasa na garin. Wata uku ke nan uwar yaron tana kai shi gwaji sau biyu a mako, shi kuwa uban iyakar abin da ya sani game da lamarin wata takarda ce da aka miƙa masa yana ɗaura agogo zai fita ofis, ya sa hannu ya wuce. Sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da uwar ya kai yaron da kansa, ya sami kujera can baya ya zauna. Ya ga makaɗa goma sha wani abu a gaban dandamali. Ya ga ɗansa cikin tsummokara, fuska shafe da baƙi, yana zare hankici daga aljihun wani tsoho ana waƙa ana dariya. Magariba ta shiga ta fita babu wanda ya motsa. Ba su baro wurin ba sai goma da rabi na dare, yaron ya yi barci a mota, da safe kuma makaranta. Ya ce, "Malam, saura kwana shida a buɗe wasa. Shin in janye shi? In kuwa ban janye shi ba, me ya wajaba a kaina?"

Kafin mu ce uffan, ya kamata mai karatu ya san irin wasan da ake magana a kai. Asalinsa littafin Oliver Twist ne na Charles Dickens, wanda ya fara fitowa kashi-kashi a mujalla a 1837, wanda kuma da dama daga cikin ma'aikatanmu suka karanta a sakandare. Labarin wani maraya ne da aka haifa a gidan gajiyayyu na hukuma, inda ake ba yara kunu tsararo. Ranar da ya yi ƙarfin halin roƙon ƙari aka rabu da shi, aka miƙa shi ga mai sana'ar binne gawa. Daga can ya gudu zuwa Landan, ya faɗa hannun wani tsoho mai suna Fagin, wanda yake tara yara marasa galihu yana koya musu yankan aljihu. Dickens ya rubuta littafin ne yana sukar dokar matalauta ta 1834 da irin wulaƙancin da ta jawo wa marayu. Wani marubucin waƙoƙi, Lionel Bart, shi ya mai da labarin wasa, aka buɗe shi a Landan ranar 30 ga Yuni, 1960, aka nuna shi sau 2,618 kafin a rufe, sa'an nan aka yi fim ɗinsa a 1968. Ƙungiyoyi da makarantu suna son sa domin yana cin yara da yawa. Ɗan mai wasiƙarmu ɗaya ne daga cikin yaran Fagin.

Game da kiɗa, ba za mu yi wa ɗan'uwanmu rufa-rufa ba. Mafi yawan malamai, har da abin da muka tashi muna karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun hana sauraron kayan kiɗa na shagala, sai dai bandiri a wurin aure. Imam Gazali kuwa ya ware littafi guda a cikin Ihya'u a kan sauraro, ya halatta waƙa da waɗansu kayan kiɗa bisa sharuɗɗa, ya hana waɗansu. Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan halasci, yana ganin hadisan hanin ba su inganta ba, malamai da yawa kuma suka yi masa raddi. Masu sassautawa suna kafa hujja da abin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, na 'yan mata biyu da suka yi waƙa a ɗakinta ranar Idi, da na Habashawa da suka yi wasan māsu a masallaci, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya ta leƙa ta bayansa tana kallo. Masu tsanantawa kuma suna cewa wannan na Idi ne, ba a yin ƙiyasin komai a kansa. Saɓanin da ya haura shekara dubu ba shafin jarida ne zai kashe shi ba. Wanda ya riƙi hani ya riƙi abin da yake da tushe mai ƙarfi, kada kowa ya kira shi baƙauye. Wanda kuma ya bi sauƙi bisa sharuɗɗansa yana da magabata.

Batun fitowa a matsayin ɓarawo ya fi sauƙi a wurinmu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga tashe. Daga goma ga watan azumi yara sukan manna gemun auduga su dogara sanda, wani ya zama boka mai tallar magani, wani gwauro, 'yan mata su kwaikwayi zaman aure, ba mu taɓa jin an ce yaron da ya yi boka a tashe ya yi ƙarya ko ya zama boka ba, domin mai yi da mai kallo duk sun san kwaikwayo ne. Abin dubawa shi ne inda labarin ya dosa. A nan gaskiya ita ce wasan ya fi littafin sassauci ga Fagin, ya mai da shi tsoho mai ban dariya, akwai ma wurin da ake nuna yaran suna kurɓar giya, ko da yake babu giya a kofin, akwai kuma waƙar gidan giya da manya suke yi a farkon kashi na biyu, da kisan wata mace kusa da ƙarshe. Amma wanda ya kalle shi har ƙarshe ba zai fita yana sha'awar sata ba, zai fita ne yana tausayin maraya. Uba mai hankali zai zauna da ɗansa ya tambaye shi, me ya kai waɗannan yara hannun wannan tsoho, wa ya kamata ya ciyar da su bai ciyar ba? Yaron da ya yi wata uku yana sanye da tsummokaransu yana da amsar da za ta ba uban mamaki.

To, a janye shi ko kada a janye?

Muna ganin ranar da ya kamata a yi wannan tambaya ta wuce da wata uku, watau ranar da aka miƙo takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan'uwanmu ma'aikaci ne, ya san abin da ake kiran jami'in da ya sa hannu a fayil bai buɗe ba, ya dawo daga baya yana cewa bai san abin da yake ciki ba. Ɗan kasuwa ma ya san dilar da aka biya kuɗinta ba a kwance ba, ba dillali kaɗai ake zargi a kanta ba. Sa hannun nan alkawari ne, Suratul Ma'ida kuwa da umurnin cika alkawura ta buɗe. Mutane arba'in ko fiye sun gina aikinsu a kan cewa wannan yaro zai tsaya a wuri kaza a lokaci kaza, an ɗinka tufa daidai jikinsa, an sayar da tikiti. Fiye da wannan duka, akwai abin da yaron zai koya. In aka janye shi yau ba tare da wani sabon abu ya bayyana ba, darasin da zai ɗauka shi ne Musulmi yana iya ba da kalmarsa ya ɗauke ta a ranar da aka fi bukatarta, kuma addini wani abu ne da yake faɗowa daga sama ya ƙwace abin da mutum ya wahala a kansa. Wannan darasi ya fi ƙarar ganga hatsari ga yaro mai tasowa a ƙasar da Musulmi suke 'yan tsiraru. Ga kuma uwar, wadda ta yi wata uku tana tuƙi cikin sanyi da ruwan sama da izininsa. Ba adalci ba ne a wayi gari a nuna kamar ita ce ta yi laifi.

Duk da haka ba mu ce alkawari ya ɗaure uba ko da me ya gani ba. In ya tarar ana barin babba shi kaɗai da yaro a ɗaki a rufe, ko ana sa yaron tufar da ta bayyana tsiraicinsa, ko darakta yana zagi yana muzanta yara, ko yaron ya kwanta ciwo, to ko da daren buɗewa ne sai ya kama hannun ɗansa su tafi, babu wanda yake bin sa bashin bayani mai tsawo. Haka kuma in bayan ya yi nazari ya tambayi malamin da ya amince da shi, zuciyarsa ta tsaya a kan cewa haramun ne ƙarara, ba mu da ikon ce masa ya danne ta. Sai dai ya tafi yau, ba gobe ba, ya sami darakta ido da ido ya ce, kuskurena ne, ban karanta ba na sa hannu. Gurbin yaro ɗaya cikin yaran Fagin ana iya cike shi cikin kwana shida, ba kamar gurbin Oliver kansa ba. Abin da ba mu yarda da shi ba sam shi ne a sa yaro ya ce ba shi da lafiya. Wanda ya gudu daga abin da malamai suka yi saɓani a kansa ya faɗa ƙarya, wadda babu saɓani a kanta, bai tsira da komai ba.

Mun fahimta daga wasiƙar cewa ɗan'uwanmu ya fi karkata ga bari a ƙarasa, saboda haka bari mu dubi makon da yake gabansa, gama a nan aikin yake.

Makon ƙarshe ba irin sauran makonni ba ne, wanda bai san tsarinsa ba zai zaci rashin tsari ne. Da farko akwai zaman da 'yan wasa suke haɗuwa da cikakkun makaɗa karo na farko, bayan sun yi watanni da mai fiyano shi kaɗai. A nan yaro yakan rikice, domin waƙar da ya haddace ta zo masa da wata fuska. Sai gwajin fitilu da na'urori, wanda shi ne mafi cin rai. Ana fara fitowa a tsayar, a gyara fitila, a koma baya, a tura bango a jawo tebur, a sake tsayarwa, har abin da zai ci minti biyar a daren wasa ya ci awa guda, yara kuwa suna tsaye ko suna zaune a lungu an hana su magana. Ba domin su ake yin sa ba, domin masu fitila da masu sauti da masu jan kaya ne. Daga nan sai gwajin ƙarshe cikin cikakkun tufafi da kwalliya, daga farko har ƙarshe ba tsayawa. A cikin wannan mako ikon ɗaki yana barin hannun darakta a hankali yana komawa hannun manajan dandamali, wanda yake riƙe da littafin da aka rubuta kowane motsi a ciki. Uban da yake da bukata ya san wanda zai nema. A al'adar gidajen wasa na Ingila kuma, kiran da suke ce wa na rabin awa ana yin sa ne saura minti 35 a ɗaga labule. In wasa na bakwai da rabi ne, to bakwai saura minti biyar kowa yana ciki. Mun faɗi wannan ne saboda mun san halinmu da lokaci.

Ingila tana da doka a kan yara masu wasa, tun daga dokar yara da matasa ta 1963 har zuwa ƙa'idojin 2014, ya kamata kowane uba a can ya san su. Wasan da makaranta ta shirya ba ya bukatar izini, amma irin wannan na dare shida da ake sayar wa tikiti yana bukatar takardar izini daga ƙaramar hukuma, ko ta yaron, ko ta ƙungiyar gaba ɗaya. Dole yaro ya kasance ƙarƙashin kulawar mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko mai rakiya da hukuma ta tantance, mai rakiya ɗaya kuma ba ya riƙe yara fiye da 12. Yaro mai shekara 9 zuwa sama ba ya wuce awa tara da rabi a wurin wasa a rana, ba ya wuce awa 5 yana wasa, ba ya yin fiye da awa biyu da rabi babu hutu. In zamansa ya haura awa 4 sai an ba shi minti 45 na cin abinci. Ba ya wuce ƙarfe 11 na dare, tsakanin tashinsa da komawarsa kuma sai an sami awa 12, ba ya kuma yin fiye da kwana shida a jere. Akwai ƙa'ida guda da za ta kwantar wa mai wasiƙarmu da hankali: yaron da ya kai shekara 5 ba ya sauya tufa sai tare da yara 'yan jinsinsa. Sai dai a lura, waɗannan ma'aunai an gina su ne a kan kwanakin wasa da gwajin da ya faɗo a tsakaninsu. Makon da yake gabanin buɗewa, wanda shi ne ya fi gajiyarwa, ya fi dogara ga kyakkyawan tsarin ƙungiya da idon iyaye. Saboda haka uba ya ɗauki ma'aunin doka ya mai da shi nasa. Ya tambayi sunan mai rakiyar ɗansa, ya gaisa da ita, ya ga ɗakin sauya tufa da idonsa, ya tambaya ko za a iya fara gwada fitowar yara a sallame su kafin manya su ci gaba. Ƙungiyoyi masu tsari da ma haka suke yi. Ba rashin kunya ba ne, mai kiwo ne yake ƙirga abin da aka ba shi kiwo.

Sai barci. Likitocin barci na Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Wanda ya kwanta sha ɗaya ya tashi bakwai ya ci bashi, bashin nan kuwa a maƙogwaro da hali yake fitowa: murya ta dushe, yaro ya yi kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Maganinsa ba wani asiri ba ne. A ciyar da shi abinci mai nauyi da la'asar kafin a fita, a sa masa ruwa da ɗan abin taɓawa a jaka, a ɗauke talabijin da waya a wannan mako, a gaya wa malamin ajinsa halin da ake ciki, in ya dawo daga makaranta ya ɗan kishingiɗa. In murya ta fara shaƙewa shiru ne magani. Raɗa ma tana wahalar da maƙogwaro. Karatun Alƙur'ani na yamma kuwa a rage shi zuwa ko da aya biyar da asuba, kada a yanke shi, domin abin da aka ajiye gaba ɗaya saboda wasa yaro yakan gane wanne ne ya fi nauyi a gidan.

Batun Magariba ya fi damun mai wasiƙar, mu ma shi ya fi damunmu, amma yana da mafita. A Ingila lokacinta yana yawo ƙwarai: a Landan rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba, a Yuni kuwa sai bayan tara. A watan Afrilu takan faɗi tsakanin bakwai da rabi da takwas da 'yan mintoci, watau daidai lokacin da labule yake sama. Yaro mai shekara 10 bai balaga ba, alƙalami bai hau kansa ba, amma shekarun ne da aka umurci iyaye su tsananta a kan sallarsa. Abin yi shi ne a dubi jerin fitowa. A wannan wasa yara sukan buɗe da waƙar gidan gajiyayyu, sa'an nan su koma ciki, labari ya bi Oliver shi kaɗai zuwa gidan mai binne gawa, ba a sake bukatar su sai ya isa Landan. A nan akwai rata, akwai kuma hutun tsakiyar wasa. Raka'a uku ba ta wuce minti biyar. Yaro ya yi alwala tun kafin a shafa masa baƙi a fuska a maƙala masa makirufo, a sa ƙaramar darduma a jakarsa, uba kuma ya gaya wa mai rakiya da manajan dandamali tun yanzu, cikin ladabi, ya nuna musu lokacin a takarda. Mutanen da suke lissafin aikinsu da daƙiƙa ba sa ƙin abin da aka faɗa musu da wuri. Abin da suke ƙi shi ne a nemi yaro a rasa. Kuma uban ya tashi daga kujerarsa ta baya ya yi tasa sallar inda ɗan zai gani.

Yanzu bari mu juya ga wata cuta da take kama iyaye daga ɗaya ɓangaren, gama mun sha ganin wanda ya shiga ɗakin gwaji yana ƙyama ya fito ya fi kowa zaƙewa. Uba ya ga ɗansa a sahu na biyu, ɗan wani a gaba, sai zuciya ta motsa. A mota ya fara gyara: ɗaga murya, ka yi murmushi, me ya sa ka tsaya bayan wancan dogon? Yaro ya kwana da darakta biyu, na dandamali ya ce tsaya nan, na gida ya ce matsa gaba, gobe ya matsa ya fita daga hasken da aka saita masa, a daka masa tsawa a gaban jama'a. Amurkawa sun san wannan ciwo har sun yi wasa sukutum a kansa, mai suna Gypsy, a 1959, labarin uwar da ta tura 'ya'yanta mata dandamali domin ta cika burin da ita ba ta cika ba. Yaron da ya yi awa huɗu ana gyara masa tsayuwa ba ya bukatar ƙarin gyara a mota. A tambaye shi ko ya ci abinci, a tambaye shi me ya ba shi dariya yau, in ya yi shiru a bar shi. In ya ce yana jin tsoro kada a ce masa namiji ba ya tsoro. A ce masa manyan ma cikinsu yana kaɗawa, a koya masa addu'ar da zai yi kafin ya fita.

A ƙarshen wasiƙar akwai wani layi da mai ita ya rubuta kamar ba komai ba, mu kuwa a kansa muka fi daɗewa. Ya ce wata mata ta ba uwar yaron kati, ta ce tana sama wa yara aiki a manyan gidajen wasa na Landan. To, wannan wata takarda ce kuma, kada a sa mata hannu ana ɗaura agogo. A waɗancan gidaje wasa sana'a ce ta kusan kowane dare, shi ya sa ake ɗaukar yara uku ko huɗu su riƙa karɓa-karɓa a matsayi ɗaya. A 2006 yara maza uku ne suka raba kyautar Olivier saboda wasan Billy Elliot, a 2012 kuma 'yan mata huɗu suka raba ta saboda Matilda. Ana auna tsayinsu, da yaro ya zarce ko muryarsa ta fashe aiki ya ƙare, yana ɗan shekara 13 ya zama tsohon ma'aikaci. Kasuwar ba ta da tausayi: a 1997 an sallami wata yarinya mai shekara 12 daga jagorancin wasan Annie ana dab da buɗe shi a Niyok, bayan ta yi ta yin sa a garuruwa. Jack Wild, wanda ya fito a matsayin babban yaron Fagin a fim ɗin 1968 har aka sa sunansa cikin masu neman kyautar Oscar yana matashi, giya ta kama shi tun da ƙuruciya, ya yi shekaru yana fama, ya mutu a 2006 yana da shekara 53 bayan ciwon dajin baki ya raba shi da muryarsa. Ba kowane yaro ne yake ƙarewa haka ba, da yawa sun koma makaranta lafiya, amma wanda zai shiga kasuwa ya kamata ya ji labarin waɗanda suka karye a cikinta.

In kuwa kuɗi ya shigo, 'yan kasuwa su saurara. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a fim ɗin The Kid a 1921, ya tara miliyoyin daloli yana ƙarami, da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai wuce dala 126,000 ba. Saboda shi jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939, wadda a yanzu ta wajabta a ajiye kashi 15 cikin 100 na abin da yaro ya samu a asusun da ba a taɓawa sai ya kai shekara 18. Fiƙihunmu ya riga su: abin da yaro ya samu dukiyarsa ce, uba waliyyi ne a kanta, yana juya ta domin maslahar yaron, in shi mabukaci ne ya ci gwargwadon bukata, amma ba jarin shago ba ce. A buɗe mata littafi dabam.

Mu koma ga kwana shidan. Ɗan'uwanmu ya shirya wa safiyar da za ta biyo bayan daren ƙarshe, domin yaran da suka yi wata uku tare sukan wayi gari babu gwaji, babu abokai, babu tafi, sai wani irin kaɗaici ya sauko musu, su yi kwana biyu suna ƙunci. A ranar ce, ba kafinta ba, ya dace ya zauna da ɗansa da matarsa a yi maganar da ya kamata a yi tun wata uku da suka wuce: za a sake ko ba za a sake ba, in za a sake wane irin wasa, wa zai karanta labarin kafin a sa hannu. In hukuncinsa shi ne wannan ne na ƙarshe, ya faɗa da dalilinsa, yaron da aka bari ya cika alkawarinsa zai fi saurin karɓa.

Ya kuma tambaye mu ko ya halarci daren buɗewa, ko ya bar uwar ta je. Tun da ya bar yaron ya hau, to ya je. Ya sayi tikiti tun yau, ya shiga ɗakin da yaron kafin gwajin ƙarshe ya nuna masa kujerar, sahu kaza lamba kaza, domin in an kunna fitilun gaba wanda yake kan dandamali ba ya ganin fuskar kowa in ban da na sahun farko-farko, sauran duk duhu ne, sai dai ya dubi wajen da aka ce masa mahaifinsa yana zaune.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan zakkar kayan ciniki da muka ajiye.